Muhawara: Ina amfanin zaratan sojojin ko-ta-kwana ga ƙaramar ƙasa mai babbar maƙwabciya?

Danladi_Mai_Nazari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in kawo wata magana da nake ganin za ta amfane mu, musamman da yake a cikinmu akwai tsofaffin sojoji da mazauna Turai. Ƙasa kamar Estoniya, wadda mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, tana iyaka da Rasha, kuma ko da za ta sa kowane baligi a kaki da wuya ta kai yawan sojojin maƙwabciyarta. A shekarar 2016 cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta fitar da rahoton gwajin yaƙin da ta yi a kan taswira, inda ta gano cewa sojojin Rasha za su iya isa bakin Tallinn da Riga, manyan biranen Estoniya da Latbiya, cikin sa'o'i 60 ko ƙasa da haka. Ra'ayina shi ne, ga irin wannan ƙasa, kuɗin da za a zuba a kan tankokin yaƙi asara ne, kuma abin da ya fi shi ne a horar da ƙananan rukunonin dakaru na musamman, a sallame su su koma ayyukansu na farar hula, a riƙa kiransu atisaye lokaci-lokaci, ta yadda ranar da aka mamaye ƙasar za su shiga daji da unguwanni su hana mai mamaya barci. Ina neman ra'ayinku, kuma wanda ya san abin da ban sani ba ya gyara mini.

Samanja_Mai_Ritaya:
Wa alaikumus salam, Malam Danladi. Kafin a yi nisa, ya kamata a raba abubuwa biyu da ka haɗa wuri ɗaya. Sojan ko-ta-kwana daban, sojan kundumbala daban. Na farko mutum ne da ya yi horo ya koma gida, ana iya kiransa idan buƙata ta taso. Na biyu mutum ne da aka tace daga cikin masu yawa, aka kashe shekaru da dukiya a kansa, kuma ƙwarewarsa tana raguwa da zarar ya daina aiki da ita. Wahalar da ke cikin shawararka ita ce haɗa waɗannan biyun a jikin mutum ɗaya.

Bari in ba ka misali da aikin leƙen asiri a bayan abokan gaba, wanda shi ne babban aikin irin waɗannan dakaru, ba harbe-harben da ake gani a talabijin ba. Mutum huɗu za su haƙa rami kusa da hanya, su rufe shi da raga da ganye, su kwanta a ciki kwana da kwanaki. Ba a dafa abinci, ba a shan taba, ba a magana sai da raɗa, bayan gida ma a leda ake yi a ɗaure a sa a jaka, domin kare na iya sansano shi. Ɗaya yana riƙe da madubin hangen nesa yana ƙirga motocin da ke wucewa, ɗaya yana rubutawa, ɗaya yana gadi, ɗaya yana barci, kuma a lokacin da aka tsara za a kunna rediyo na 'yan daƙiƙu a aika saƙo a kashe, don kada a gano inda sautin ya fito. Wanda ya yi shekara uku yana zaune a ofis ba zai iya wannan ba a makon farko, ko da a da shi ne gwanin rukuninsu. Gwiwa za ta ci amanarsa, sannan na'urar sadarwar da ya sani an riga an sauya ta.

Hadiza_Tallinn:
Baba Samanja, Allah ya ƙara girma. Maganarka haka take, amma ina ganin mutanen nan sun san da wannan matsalar, kuma sun tsara abinsu a kanta. Ina aiki a wani kamfanin manhajar kwamfuta a nan Tallinn, kuma a cikin abokan aikina akwai wani magidanci da yake memba a ƙungiyar Kaitseliit, wato rundunar 'yan sa-kai ta tsaron ƙasa, wadda aka kafa tun 1918, Tarayyar Sobiyet ta rusa ta a 1940, aka sake farfaɗo da ita a 1990. Wasu ranakun Juma'a za ka ga ya shigo ofis da ƙatuwar jakar goyo mai ruwan ganye ya ajiye a ƙarƙashin tebur, takalman daji a ɗaure a gefenta, ana tashi daga aiki sai ya wuce daji, ran Litinin ya dawo da kumburin cizon sauro a wuya ya ci gaba da rubuta manhaja. Ya shaida mini cewa bindigarsa tana gidansa a cikin akwatin ƙarfe mai makulli, bisa izinin hukuma. Ba ya jiran shekara uku kafin ya taɓa ta.

Sai dai, Malam Danladi, shi da kansa ba ya kiran kansa sojan kundumbala. Estoniya tana da rundunar ayyuka na musamman, ƙarama ce, kuma ginshiƙinta sojoji ne na dindindin. Yadda na fahimta, ɗaya daga cikin ayyukansu shi ne shirya yaƙin sunƙuru idan an mamaye ƙasa, don haka su ne masu koyarwa da jagoranci, 'yan sa-kai kuma su ne masu yawa da sanin kowane lungu na gundumarsu. Ban da wannan akwai aikin soja na tilas ga samari, na wata 8 ko 11, wanda daga gare shi ake samun sojojin ko-ta-kwana na gama-gari.

Injiniya_Sani:
Ni ina Finlan, kuma ina so in soki tushen maganar Malam Danladi, wato cewa manyan makamai asara ne. Finlan tana da mutane kusan miliyan biyar da rabi da iyaka mai tsawon kilomita 1,340 da Rasha, kuma ba ta taɓa yarda da wannan ra'ayi ba. Ƙarfin sojojinta a lokacin yaƙi mutum 280,000 ne, mafi yawansu na ko-ta-kwana, kuma tana daga cikin ƙasashen da suka fi yawan bindigogin atilare a yammacin Turai. Tana da dakaru na musamman a barikin Utti, inda ake ɗaukar samari masu aikin tilas da suka nema da kansu kuma suka ci jarrabawar shiga, a ba su horon sauka da lema na kwana 347, sannan su shiga sahun ko-ta-kwana. Amma ba wanda ke ganin su ne za su kare ƙasar. Aikinsu shi ne su gano inda abokan gaba suka tara motoci da mai da albarusai, su ba da lambobin wurin, atilare ya yi sauran aikin. Idan ka kwashe atilaren, mutum huɗun da Baba Samanja ya kwatanta za su ƙirga motoci ne kawai har motocin su shiga babban birni.

Danladi_Mai_Nazari:
Injiniya, ai Finlan ɗin ita ce hujjata. A yaƙin hunturu na 1939 zuwa 1940, ba ƙananan rukunoni ne a kan katakon gudun ƙanƙara suka tarwatsa runduna ta 44 ta Sobiyet a hanyar Raate ba? Sun datse ayarin gida-gida a cikin daji, suka bar sanyi da yunwa suka gama da shi.

Injiniya_Sani:
Haka ne, a watan Janairun 1940 aka yi wannan, amma waɗanda suka yi shi ba dakaru na musamman ba ne. Manoma ne da masu saran katako da aka kira daga gida, sojojin ƙasa na gama-gari waɗanda suka tashi da gudun ƙanƙara tun suna yara. Kuma yaƙin bai ƙare a Raate ba. A watan Fabrairu Sobiyet ta tara atilare da tankoki a mashigin Kareliya ta fasa layin tsaron Mannerheim, a watan Maris Finlan ta sa hannu a yarjejeniyar da ta raba ta da kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasarta, har da birnin Viipuri. A lokacin bazara na 1944 kuma, abin da ya tsayar da farmakin Sobiyet a Tali-Ihantala shi ne ruwan atilaren da aka tattara wuri ɗaya, tare da jiragen yaƙi da makaman fasa tanka da Jamus ta kawo. Finlan tana da rukunonin sintiri masu shiga nesa a wancan yaƙin, sun kai hare-hare a kan layin dogon Murmansk, sun kawo bayanai masu amfani, amma ba su ne suka hana a mamaye Helsinki, babban birnin ƙasar, ba.

Malam_Habu_Tarihi:
Ina goyon bayan Injiniya, kuma zan ƙara da misalin da ya fi kusa da abin da Malam Danladi ke nufi. Bayan Sobiyet ta sake kama ƙasashen Baltik, wato Estoniya da Latbiya da Lituweniya, a 1944, dubban mutane sun shiga daji da makamai, waɗanda ake kira 'yan'uwan daji. A Lituweniya abin ya fi tsari, suna da kwamandoji da yankuna da kaki da jaridun ɓoye, kuma da yawansu tsofaffin sojoji ne. Sun yi yaƙi har zuwa wajen 1953. Babban kwamandansu na ƙarshe, Adolfas Ramanauskas, an kama shi a 1956, aka kashe shi a 1957. Jarumtarsu ba abin musu ba ce, amma ƙasashen ba su sami 'yanci ba sai a 1991, kuma ba da bindiga ba. Abin da ya karya su abu uku ne: an kwashe iyalan da ke ciyar da su zuwa Saberiya, an tilasta manoma shiga gonakin haɗin gwiwa ta yadda ba wanda ke da rarar hatsin da zai ba mutanen daji, sannan jami'an leƙen asirin Sobiyet sun cusa mutanensu a cikinsu. Taimakon da suke jira daga yamma bai zo ba, 'yan wakilan da Ingila ta sauke ta teku ma yawancinsu a hannun abokan gaba suka faɗa.

Haka nan Norwe. A daren 27 ga Fabrairun 1943 wasu 'yan ƙasar da ba su kai goma ba, waɗanda Ingila ta horar da su, sun sauka wani kwazazzabo suka hau ɗaya ɓangaren suka shiga masana'antar Vemork, suka lalata na'urorin da Jamus ke dogaro da su a binciken nukiliya, ba tare da sun harba harsashi ko ɗaya ba. Aiki ne da ake koyarwa har yau. Duk da haka Norwe ta ci gaba da zama a hannun Jamus har zuwa Mayun 1945.

Lauya_Maryam:
Akwai wani ɓangare da ba a taɓo ba, wato doka da kuma farar hular da za su biya farashin. Yarjejeniyar Geneva ta uku ta 1949 ta gindaya sharuɗɗa huɗu kafin a ɗauki mayaƙin ƙungiyar turjiya a matsayin fursunan yaƙi idan an kama shi: ya kasance a ƙarƙashin kwamandan da ke da alhakin mutanensa, ya sa alamar da ake ganewa daga nesa, ya riƙe makaminsa a fili, kuma ya bi dokokin yaƙi. Ƙarin yarjejeniyar 1977 ya sassauta batun alama a wasu yanayi, amma bai soke wajibcin bayyana makami a lokacin farmaki ba. To, Malam Danladi, mutumin da kake so ya zama malamin makaranta da rana, ya dasa nakiya da dare, yana tafiya ne a kan iyakar wannan kariya. Wannan shi ne amfanin a ce ƙasa ta shigar da su cikin rundunarta a hukumance tun kafin yaƙi, da muƙami da lamba da kaki, maimakon a bar su su taso kara zube.

Sannan mai mamaya ba ya tsayawa kan wanda ya yi aikin. A Mayun 1942 sojojin lema biyu 'yan Cekoslobakiya sun kai wa Reinhard Heydrich, babban jami'in Jamus da ke mulkin yankin da aka mamaye, hari a Prague, ya mutu bayan 'yan kwanaki. Jamus ta rama a kan ƙauyen Lidice: aka harbe mazan, aka tura matan sansanin gwale-gwale, aka kashe mafi yawan yaran, aka baje ƙauyen. Duk gwamnatin da za ta gina tsaronta a kan yaƙin sunƙuru tana yanke hukunci ne a madadin irin waɗannan ƙauyuka.

Hadiza_Tallinn:
Yaya Maryam, wannan ce maganar da ta sauya tunanin mutane a nan bayan kisan farar hula da aka gani a garin Bucha na Yukiren a 2022. Firaministar Estoniya ta lokacin, Kaja Kallas, ta fito ta soki tsarin NATO na wancan lokaci, wanda ya amince a iya mamaye ƙasashen Baltik sannan a ƙwato su bayan kwana 180, tana mai cewa kafin lokacin an shafe ƙasarta daga taswira. A Janairun 2024 Estoniya da Latbiya da Lituweniya suka amince su gina layin tsaro na ramukan kankare da shingaye a kan iyaka. Ma'ana, su da kansu ba su yarda su tsaya ga shirin shiga daji ba, so suke kada a shigo tun farko. Amma ba su watsar da shirin turjiyar ba, domin ba su manta da 1940 ba, lokacin da gwamnati ta miƙa wuya ga Sobiyet ba tare da yaƙi ba, kuma hakan bai hana a kwashe dubban mutane zuwa Saberiya a Yunin 1941 ba.

Issoufou_Damagaram:
Sannunku da ƙoƙari. Ni daga Nijar nake bin zancen, kuma akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Sojojin musamman na Estoniya da ake magana a kai sun zo Sahel, suna cikin na farko da suka shiga rundunar haɗin gwiwar ƙasashen Turai mai suna Takuba tare da Faransa a Mali a 2020, kafin a rufe ta a 2022. Ba don Gao ta dame su suka zo ba. Ƙaramar ƙasa tana tura zaratanta yaƙin wasu ne domin ta bi su bashin alheri, ta yadda ranar da ita ma ta shiga uku za a tuna da ita, kuma a can ne mutanenta ke samun gogewar da atisaye ba ya bayarwa. Wannan wani amfani ne na irin waɗannan dakaru da ba a ambata ba.

Amma tambayata ita ce: wa zai tsare ƙasa daga su kansu? A Gini, shugaba Alpha Condé ne ya kafa rundunar musamman a 2018, ya ɗora Mamady Doumbouya, tsohon sojan rundunar baƙi ta Faransa, a kanta. Ranar 5 ga Satumban 2021 wannan runduna ce ta kama shi a fadarsa. A Mali, Assimi Goïta kwamandan dakaru na musamman ne kafin juyin mulkin 2020. Idan waɗanda ke cikin bariki, ana ganinsu kullum, sun iya yin haka, ina ga waɗanda aka koya wa fasa gada da ɓoye makamai aka sake su cikin gari?

Malam_Habu_Tarihi:
Malam Issoufou, ko a Turai an sha wannan fargabar. A Oktoban 1990 firaministan Italiya, Giulio Andreotti, ya tabbatar wa majalisa cewa akwai wata rundunar ɓoye mai suna Gladio, wadda aka kafa tun shekarun 1950 domin ta zauna a baya ta yi turjiya idan Sobiyet ta mamaye ƙasar, da makamai binne a wurare daban-daban. Mamayar ba ta zo ba, amma an yi shekaru ana bincike da zarge-zarge kan ko an yi amfani da wasu daga cikin mutanenta ko makamanta a rikicin siyasar cikin gida. A shekarar ce kuma aka bankaɗo irinta a Suwizalan, mai suna P-26, mai mambobi kusan 400, wadda majalisar dokoki ba ta da iko a kanta, aka rusa ta. Abin lura shi ne Suwizalan ba ta daina dogaro da sojojin ko-ta-kwana ba, har yanzu tana horar da zaratan 'yan ƙasa a Isone su koma gida a riƙa kiransu duk shekara. Abin da ta ƙi shi ne rundunar da ba ta cikin kasafin kuɗin da wakilan jama'a suka gani. Tun 2007 ma ta daina barin sojojinta su ajiye harsasai a gida, ko da yake bindigar tana iya zama a wurinsu.

Bukar_Yerwa:
Ina so in ce wani abu a kan sanin gari, domin mu a Maiduguri mun gani da idonmu. A 2013, lokacin da matasa suka tashi da sanduna da adduna domin yaƙar Boko Haram, waɗanda aka riƙa kira 'yan ƙato da gora, abin da suka kawo ba ƙarfin makami ba ne. Soja daga wata jiha yana tsaye a shingen bincike ba zai iya bambance ɗan unguwa da baƙo ba, amma yaron da aka haifa a layin ya san wanda ya ɓace wata shida ya dawo, ya san gidan da ake sayen burodi fiye da yawan mutanen cikinsa. Cikin 'yan watanni birnin ya sauya. Na san Najeriya ba ƙaramar ƙasa ba ce, kuma wannan ba mamayar wata ƙasa ba ce, amma ya nuna cewa Malam Danladi yana da gaskiya a wuri ɗaya: ɗan gari yana da abin da ba a saya da kuɗi. Sai dai an samu koke-koke na cin zarafi da ramuwar gayya, sannan aka zo ana tambayar yadda za a yi da dubban matasan da suka saba da iko bayan ƙura ta lafa. Da a ce an yi musu rajista da horo da dokar aiki tun kafin rikici, da abubuwa da yawa sun zo da sauƙi.

Samanja_Mai_Ritaya:
Ɗana Bukar, abin da ka faɗa na gan shi a Saliyo lokacin da muke aikin ECOMOG, rundunar wanzar da zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Mafarautan Kamajo sun san daji fiye da kowa, za su kai ka ta hanyar da ba ta cikin taswira, su nuna maka ciyawar da aka taka su gaya maka yawan mutanen da suka wuce da kuma lokacin. Amma idan ka ce su tsaya a nan, ba lallai su tsaya ba, domin ba kai ka ba su umarni tun asali ba. Daga baya shugabansu, Sam Hinga Norman, ya gurfana a gaban kotun musamman ta Saliyo, ya rasu a 2007 kafin a yanke hukunci. Shi ya sa nake cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Sojan kundumbala ba a ƙera shi bayan an fara harbi, haka ma sarƙar umarni. Idan ƙasa za ta yi abin da Malam Danladi ke so, to ta yarda cewa ba hanyar rage kashe kuɗi ba ce, domin kiran mutum atisaye sau da yawa a shekara, da biyan shi, da biyan asarar da mai kamfaninsa ya yi, da sabunta masa kayan gani da dare, duk kuɗi ne.

Alhaji_Zongo_Kumasi:
Jama'a, duk misalanku na ƙasashe ne masu daji. Ina Kuwait za ta ɓuya? Ranar 2 ga Agustan 1990 Iraƙi ta shiga, cikin kwana biyu an gama, sarki Jabir ya tsallaka Saudiyya, ƙaninsa Shaikh Fahad ya mutu a wajen kare fadar Dasman. An yi turjiya a cikin birni, mutane sun ɓoye baƙi 'yan ƙasashen yamma, sun aika bayanai waje, an kama da yawa an azabtar da su, amma ƙasar fili ce ta rairayi, kuma sai da ƙawancen da Amurka ta jagoranta ya zo a farkon 1991 aka fitar da Iraƙi. Singafo ma ta san ba ta da wurin ja da baya, tun da Japan ta ci tsibirin cikin mako guda a Fabrairun 1942. Tun 1967 take da aikin soja na tilas, tana da kwamandoji na ko-ta-kwana da ake kira atisaye, ana ma iya kiran runduna ta hanyar sanar da kalmomin sirri a rediyo da talabijin, amma inda ta fi zuba dukiya shi ne jiragen yaƙi da na ruwa, domin a yi yaƙin nesa da gidajen mutane. Shawarar Malam Danladi tana bin yanayin ƙasa ne, ba ta yi wa kowa daidai ba.

Issoufou_Damagaram:
Alhaji, ƙara da Gambiya, wadda matsalarta ta zo ta wata fuskar. A Yulin 1981 shugaba Dawda Jawara yana Landan wajen bikin auren Yarima Charles, Kukoi Samba Sanyang ya yi yunƙurin juyin mulki tare da wasu 'yan rundunar 'yan sandan ƙasar masu ɗauke da makamai, a lokacin Gambiya ba ta da soja. Senegal ce ta turo dakaru ta mayar da shi. Bayan haka aka kafa rundunar soja, kuma daga cikinta ne Laftanar Yahya Jammeh ya fito ya kifar da shi a 1994. Ga ƙananan ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, ba tankokin maƙwabta ne suka fi kifar da gwamnati ba.

Lauya_Maryam:
Akwai kuma abin da Isra'ila ta nuna, kuma ina kawo shi ne a matsayin tsarin soja, ba tare da mantawa da abin da aka yi wa Gaza ba. Tana daga cikin ƙasashen da suka fi dogara da zaratan ko-ta-kwana. A 2023, lokacin rikicin sauya dokokin shari'a na gwamnatin Netanyahu, matuƙan jiragen yaƙi da tsofaffin dakarun rukunoni na musamman sun yi barazanar daina zuwa atisayen sa-kai, kuma hakan ya girgiza gwamnati. Wato sojan ko-ta-kwana ɗan ƙasa ne mai ra'ayin siyasa, yana iya cewa a'a ta hanyar da sojan bariki ba zai iya ba. A Oktoban shekarar kuma, da aka kira fiye da mutum 300,000, kamfanoni da gonaki da makarantu sun rasa ma'aikata na tsawon watanni. Ƙaramar ƙasa tana iya tara irin wannan runduna da sauri, amma ba za ta iya riƙe ta a fagen daga na dogon lokaci ba tare da tattalin arzikinta ya jigata ba.

Danladi_Mai_Nazari:
Na gode ƙwarai da waɗannan bayanai. Har yanzu ina kan cewa an raina amfanin waɗannan mutane. A Yukiren, majalisa ta zartar da dokar turjiyar ƙasa a 2021, wadda ta ɗora shirya ƙungiyoyin turjiya a kan rundunar ayyuka na musamman, ta fara aiki a Janairun 2022, makonni kafin mamaya. A Kherson, wanda Rasha ta mamaye, mutanen da ke cikin birnin ne suka riƙa tura bayanan wuraren da Rasha ta ajiye albarusai da hafsoshi, aka riƙa luguden wuta a kansu da kan gadojin kogin Dnipro, har Rasha ta janye a Nuwamban 2022. Idan ƙaramar ƙasa tana cikin ƙawance kamar NATO, wadda tun 2017 take da dakarun Ingila a Tapa ta Estoniya, to abin da take buƙata shi ne lokaci da idanu, kuma su ne ke samar da su.

Injiniya_Sani:
Malam Danladi, misalin Kherson ɗin ya dawo da mu inda na tsaya, domin bayanan sun yi amfani ne saboda akwai makaman roka masu cin dogon zango da ke jiran lambobin. Kuma akwai matsalar da ban ga wanda ya warware ta ba. Rahotanni daga yankunan da aka mamaye sun nuna cewa sojojin Rasha sun riƙa bi gida-gida suna neman tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin Donbas a gabashin Yukiren. Lauya Maryam tana so a yi wa kowa rajista da lamba domin doka ta kare shi, Malam Habu yana so majalisa ta san da su domin kada a sake yin Gladio, dukansu kuma suna da hujja. Amma rajistar nan, da sunaye da adireshi da wurin da aka binne makamai, ita ce abu na farko da mai mamaya zai nema, kuma a yau ba sai ya fasa ofis ba, ta intanet zai shiga, kamar yadda Estoniya ta ɗanɗana harin kwamfuta a 2007. Baba Samanja, a aikace, mutum nawa ne ya kamata su san cikakken jerin sunayen?

Samanja_Mai_Ritaya:
A ƙa'idar aiki, ɗan rukuni ya san mutanen rukuninsa kawai da hanya ɗaya ta isar da saƙo sama, ta yadda idan an kama shi aka matsa masa, abin da zai iya faɗa kaɗan ne. Cikakken jerin kuwa dole wani ya riƙe shi, ko don biyan albashi da kula da iyalan wanda ya mutu, kuma da yawa za su ce a ajiye kwafinsa a wajen ƙasar, a hannun gwamnatin da za ta yi gudun hijira. Amma wannan yana nufin ka miƙa sunayen zaratanka ga amanar ƙasar da ta ba ka masauki, kuma Malam Habu ya riga ya gaya mana yadda ta kaya da wakilan da Ingila ta sauke a gaɓar Baltik.